Kafin Ki Haɗiyi Ƙwayar Barci

Makera, Kaduna

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, wadda takarda ba za ta iya ɗauke ta duka ba. Ina roƙon Ubangiji ya sa wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Ilori, ya tsare ki a masaukinki da hanyar makarantar da aka tura ki bautar ƙasa, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya raba ki da sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Ranar da na raka ki tasha, bayan an ɗaure akwatinki a saman mota, kin leƙo ta taga kika ce, “Mama, maganin nan da likita ya yi min magana, in karɓa ko in bari?” Kafin in buɗe baki direba ya ja mota. Na dawo gida da tambayar a ƙirjina. Kin gaya min tun da kika gama jarrabawar ƙarshe a Zariya barci ya guje ki, kuma likitan da kika gani ya ambata miki magani iri biyu, ya ce in kin isa can ki nemi wani likita ku yanke shawara. Ni ba likita ba ce, mai duba yadi ce a masaƙa, don haka ba zan zaɓa miki ba. Amma hanyar nan na bi ta. Kusan duk ramin da ke cikinta na faɗa, kuma ga ni na fito da ƙafata. Lokacin kina makarantar kwana, ƙanenki Ishaku yana Kagoro wurin kawunku, shi ya sa guntu-guntun labarin kawai kika sani. Yau ki ji shi a jere.

Bayan mota ta buge Babanki a kan babur yana dawowa daga aiki a Rido, na yi kuka kamar yadda kowace mace take yi, aka yi jana'iza, 'yan'uwa suka watse. Kuka ya tsaya, sai barci ya tafi tare da shi. In kwanta da gajiya kamar an yi min duka, amma idona biyu har zakara ya yi cara. Da farko na ce kwana kaɗan ne zai wuce. Damina ta ƙare, aka yi Kirsimeti, abin bai wuce ba. Na rame har zanina yana zagaye ni sau biyu. In sa gishiri a miya in manta, in ƙara. Ranar Lahadi ni ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta cocinmu, sai ga ni ina tsaye gaban jama'a baitin da na sani tun ina budurwa ya ɓace min. Na sauka, na ce maƙogwaro ne ke damuna, na koma kujerar baya.

Kuskurena na farko ke nan: na yi shiru. A zuciyata na ɗauka macen da take da bangaskiya ba ta rasa barci, kuma in na faɗa za a ce ban miƙa wa Allah al'amarina ba. In an tambaye ni, “Maman Rifkatu, an tashi lafiya?” sai in ce lafiya lau, alhali ban kwanta ba balle in tashi. Rifkatu, rashin barci ciwo ne kamar ciwon haƙori, ba zunubi ba ne. Mai ɓoye ciwonsa shi ke ɓoye maganinsa. Ke kin fi ni wayo tun da kin riga kin faɗa min, kin kuma je asibiti. To kada ki isa baƙon gari kunya ta rufe miki baki. Ki sami mace ɗaya mai hankali, a makaranta ko a coci, wadda za ta san halin da kike ciki.

Kin san Maman Terna, ƙawata 'yar Binuwai da muke sashe ɗaya. Ita ta fara gano ni. Wata rana muna cin abinci a gindin mangwaron bakin masaƙa ta dube ni ta ce, “Maman Rifkatu, idon nan naki ba na mai barci ba ne. Kada ki yi min ƙarya.” Na fashe da kuka. Washegari ta kawo min wasu ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa a ƙulle cikin leda, ragowar waɗanda aka rubuta wa mijinta lokacin da ya yi ciwon baya. Da zuciya ɗaya ta ba ni, ni ma da zuciya ɗaya na karɓa. Na haɗiyi ɗaya, na yi barci kamar an jefa dutse a rijiya. Na ce ashe abin da sauƙi haka nake wahala!

Da suka kusa ƙarewa, na ɗauki ledar da guda ɗaya da na rage na tafi wani kemis a Tudun Wada, nesa da unguwarmu don kada a gan ni. Lokacin ana fama da layin sabulu da madara, komai sai ka sha rana kafin ka samu, amma wannan ƙwaya ko layi babu. Mai shagon ya duba, ya ce, “Madam, nawa za a ba ki?” Bai tambayi takardar likita ba, ni ma na ji daɗin da bai tambaya ba. Sannu a hankali ɗaya ta daina yi min aiki, na koma biyu. Biyu suka zama kamar ruwa, na ƙara. Barcin ma ba barci ba ne, wani irin duhu ne kawai, in tashi kaina kamar an cika shi da auduga, harshena da nauyi.

Kin san aikina: yadi yana wucewa a kan tebur mai fitila, ina duba inda zare ya tsinke ko fenti ya ɓaci, injin naɗi yana jan sa ta ɗaya gefen. Aiki ne na ido da hanzari. Wata safiya ina tsaye, na ga tabo a yadi, na miƙa hannu in sa alama. Ban san lokacin da idona ya rufe ba. Sai ji na yi an fizge ni. Hannun rigata ya shiga naɗin, injin yana ja, fatar damtsena tana bi. Maman Terna ce ta yi tsalle ta danna maɓallin tsayarwa tana ihu da yarensu. Da ta yi jinkirin ƙiftawar ido, da hannu ɗaya zan rungume ki ranar da kika karɓi digirinki. Tabon da na ce miki ƙarfe ne ya yanke ni, to ƙarfen ne, amma ƙwaya ce ta miƙa masa hannuna.

Ki riƙe wannan da kyau: maganin wani ba naki ba ne, ko da ciwonku ya yi kama kamar tagwaye. A masaukin 'yan bautar ƙasa za ki haɗu da masu kirki irin Maman Terna, kowa da ƙullinsa a jaka, kowa yana so ya taimaka. Ki yi godiya, ki ce a'a. Kuma duk shagon da zai sayar miki da irin wannan magani ba tare da takardar likita ba, ba taimakonki yake yi ba.

Sai na yi kuskuren da ya fi duka, kuma na yi shi ne ina ganin jarumtaka nake yi. Da aka ɗinke min hannu a asibitin masaƙa, nas ta tambaye ni ko ina shan wani magani, na ce babu. Na dawo gida cike da tsoro da haushin kaina, na kwashe ƙwayoyin duka na zuba a masai, na durƙusa na yi alkawari ba ni ba su har abada. Ba wanda ya sa ni. Matar fasto ma da ta ji daga baya faɗa ta yi min, ta ce, “Wanda ya ba mu addu'a shi ya ba likita ilimi, don me za ki raba su?”

Kwana kaɗan jikina ya fara rawa. Gumi, faɗuwar gaba, ƙarar cokali a kwano sai in ji kamar an buga min guduma a ka. Na daure, na ce gwaji ne. Ranar Asabar na shiga kasuwar Kakuri sayen kayan miya. Ina tsugune gaban mai tumatir, abin da na sani ke nan. An ce na faɗi ina jijjiga, na ciji harshena, jini yana zuba. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska ce, aka yi ta ja da baya. Wata Hajiya mai sayar da manja, wadda ban san ta ba, har yau ban san sunanta ba, ita ta cire mayafinta ta rufe min jiki, ta tari tasi ta kai ni babban asibiti a ƙetaren kogi. Duk inda take, Allah ya saka mata.

'Yata, irin wannan magani ba a rabuwa da shi da fushi. In jiki ya saba da shi, yanke shi lokaci ɗaya yana iya kashe mutum. Da tsani ake hawa, da tsani ake sauka. Ko wane iri kika fara, ranar da kika ji kin gaji da shi, wurin likita za ki, ba bakin masai ba.

A can asibitin ne Allah ya haɗa ni da wani likita dattijo, Alhaji ne, mai furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Da na farfaɗo sosai aka kai ni ofishinsa. Ya ce, “Malama Saratu, ni ba alƙali ba ne, ba kuma ɗan sanda ba. In kika ɓoye min, jikinki zan yi wa magani a makance. Me kike sha, tun yaushe, guda nawa?” Wannan karon na faɗi gaskiya tas, har da na masai. Bai zage ni ba. Ya tambayi aikina, ya tambayi cin abincina, ya tambayi ko ina cin goro. Sai ya ce, “Yaushe barcin ya fara tafiya?” Na ce tun rasuwar maigidana. Ya ajiye alƙalami ya ce, “Ba ni labarinsa.” Rifkatu, tun da aka binne Babanki ba wanda ya ce min haka. Kowa haƙuri yake ba ni. Na yi ta magana, na gaya masa har yadda yake fito in ya shigo layinmu don ku san ya dawo. Mutane suna jira a waje, amma bai katse ni ba.

Da aka gama awon jini da na zuciya, ya jera kwalabe uku a kan tebur. Ya taɓa ta farko ya ce, “Wannan tsohon maganin barci ne, mai ƙarfi. Ina nuna miki ne don ki san shi in wani ya miƙo miki. Ba zan ba ki ba, domin tsakanin abin da zai sa ki barci da abin da zai hana ki tashi, tazarar ba ta da yawa.” Ya ture ta gefe. Ya ɗaga ta biyu. “Wannan kin san shi, shi ne naki. Ba mugun magani ba ne. In da tun farko kin zo, da na iya ba ki shi na ɗan gajeren lokaci, in karɓe abina. Yanzu dole ki koma kansa, ko kina so ko ba kya so, don kada ki sake faɗuwa. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ko mu tsayar da ke a kan ƙaramin awo ki daɗe kina sha, wannan ya fi sauƙi yau. Ko mu riƙa rage shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare, mu haɗa miki da na ukun nan.”

Na ce, “Shi kuma na ukun mene ne aikinsa?”

Ya ce, “Shi ba barci yake kawowa kai tsaye ba. Baƙin cikin da ya danne ki yake sassautawa, in ya sassauta barci ya sami hanya. Amma ba ya sauri. Za ki yi makonni kina cewa na cuce ki. Bakinki zai bushe, bayan gida zai yi miki wuya, in kin miƙe da sauri jiri zai ɗebe ki. Kuma ba a wasa da awonsa, ba a ajiye shi inda yara suke.”

Ni da na saba in shiga ofishin likita in sunkuyar da kai in ce to, ranar sai na ji bakina ya buɗe. Na tambaye shi ko zan iya tsayawa gaban inji ina shan su. Ya ce a'a, zai rubuta a mayar da ni wurin ninke yadi na ɗan lokaci. Na tambaye shi ko shi ma na ukun zai kama ni kamar na biyun. Ya ce ba irin wannan kamu ba, amma shi ma in lokaci ya yi a hankali za a sauke ni. Na tambaye shi yaushe zan gama. Ya ce, “Ban sani ba, kuma duk wanda ya ce miki ya sani, ƙarya yake.” Daga ƙarshe na ce, “Ranka ya daɗe, in da matarka ce, wanne za ka ba ta?”

Ya yi dariya ya ce, “Matata ba ta tsayawa gaban inji, ba ta da marayu biyu a makaranta. Ke za ki ɗauki kayan, ke kika san wuyanki. Ni dai duk wadda kika zaɓa ina tare da ke.”

Na dubi kwalaben nan, na dubi ɗinkin da ke hannuna. Na ce, “A rage shi har ya ƙare. Ina so in ga ranar da zan kwanta ba tare da na nemi izinin ƙwaya ba.”

To ga amsar tambayarki ta tasha. Ba a cewa magani mai kyau ne ko mugu ne sai an san wa zai sha, don me, har zuwa yaushe. Ki zauna gaban likitan ki tambaye shi kamar kina cinikin atamfa, ki juya gaba ki juya baya. Me wannan zai yi min da safe in ina gaban allo? Jiki yana sabawa da shi? Yaya za a sauke ni? In bai yi ba, sai me? Kuma ki bar shi ya tono abin da ya kori barcin tun asali, domin nawa baƙin ciki ne, naki wataƙila wani abu ne dabam, kuma maganin da ya tashe ni ba lalle ya dace da ke ba. Likitan da ya ji haushin tambaya, ki gode masa ki nemi wani.

Ba zan ce miki saukar ta yi daɗi ba. Na damƙa wa Maman Terna kwalbar, ita take ba ni na kowace rana a wurin aiki, tana yanka ƙwayar da reza yadda likita ya nuna mana, daga guda zuwa rabi, daga rabi zuwa ɗan ɓarɓashi. Ta ce tun da hannunta ne ya fara ba ni, hannunta ne zai raba ni da ita. Na bar goro, na bar shayin yamma. Bakina ya bushe har ina yawo da gorar ruwa kamar mai tafiya Sakkwato a ƙafa. Akwai lokacin da aka rage awo jikina ya ƙi, na je na same ta a gida ina roƙo. Na ce, “Rabi kawai, Maman Terna, don girman Allah.” Ta ɗaura ɗankwali ta ce, “Ba ni da rabi. Ina da ƙafa. Tashi mu je wurin Alhajinki.” Muka je. Bai ce na kasa ba. Ya mayar da ni mataki ɗaya baya, ya ce mu huta a nan tukuna, sa'an nan muka ci gaba. Ki koyi wannan ma: komawa baya taki ɗaya ba faɗuwa ba ne.

Barcin bai dawo da ganga da algaita ba. Ya riƙa zuwa kamar baƙon kare, ya leƙo ya koma, ya ɗan zauna ya gudu. Har aka kai ranar da Maman Terna ta juya kwalbar shuɗɗan nan a gabana, babu komai. Bayan wasu watanni likita ya fara sauke ni daga na ukun ma, har shi ma ya ƙare. Na koma teburina mai fitila.

Sai wata Talata. Na buɗe ido na ga rana ta shigo har tsakiyar ɗaki, kaji suna ta tono a tsakar gida, maƙwabta duk sun fita. Jiniyar masaƙa da take tashin Makera da Kakuri gaba ɗaya ta yi kukanta ta gama, ban ji ba. Na zauna a bakin gado na rasa abin da ya faru. Can na gane: makara na yi. Ni Saratu, barci ne ya kwashe ni, barcin Allah, ba ƙwaya ko ɗaya a cikina!

Na zura riga na fita da gudu, takalmi ɗaya nawa ɗaya wanda Ishaku ya bari a gida. Na tarar ogan sashenmu yana tsaye a bakin ƙofa fuska a murtuke. Ya ce, “Madam Saratu, yanzu ne safiya a garinku? Me ya tsare ki?”

Na ce, “Oga, barci na yi.”

Ya ce, “Barci? Kuma kina faɗa min kina dariya?”

Na ce, “Oga, barci na yi! Tun jiya har yanzu!”

Maman Terna ta jiyo daga ciki, ta saki yadin da ke hannunta ta rangaɗa guɗa. Matan sashenmu, waɗanda zuwa lokacin duk sun san labarina, suka kewaye ni, Kirista da Musulmi, ana tafi ana rawa, ƙarar injuna tana yi mana kiɗa. Oga ya tsaya baki buɗe, ya ce lalle yau mata sun haukace. Ya rubuta min takardar gargaɗi, ita kaɗai na taɓa samu a duk shekarun da na yi a masaƙa. Na karɓa da hannu biyu na ce na gode. Lahadin da ta biyo na tashi daga kujerar baya, na je gaba na karɓi waƙa, kuma ko baiti ɗaya bai ɓace min ba.

Don haka kada ki ji tsoro, Rifkatu. Abin nan ana cin nasararsa. Uwarki da ba ta wuce firamare ba, da ta yi duk wautar da na lissafa miki, ta ci; balle ke da kika fara da ƙafar dama. Ki je asibiti da wuri, kada ki jira hutu. Ki faɗi gaskiya duka, ki yi tambaya har ki ƙoshi, ki zaɓa da idonki a buɗe, sa'an nan ki rubuto min abin da kuka yanke.

Ishaku yana gaishe ki, Maman Terna ta ce in gaya miki ki ci abinci, matan zumunta suna sa ki a addu'a. Ubangiji ya kiyaye ki daga mugun ji da mugun gani, ya ba likitanki basira, ya ba ki haƙuri, ya dawo min da ke lafiya. Kuma ina roƙonsa, ko da sau ɗaya ne kafin ki gama bautar ƙasa, shugaban makarantarku ya tsaya a bakin ƙofa ya yi miki faɗan makara.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu